Yadda ake shirya wa ƙaramin yaro kayan tashe

Idan watan azumi ya kwana goma, yara suna fara tashe. Bayan an sha ruwa an yi sallar isha'i, sai su fito ƙungiya-ƙungiya, suna bin gidaje da kiɗa da wasa. Masu gida suna ba su hatsi ko ƴan kuɗi. Haka ake yi a Madawa da Buza da Keita, haka kuma ake yi a Maraɗi da Katsina da Kano.

A kowace ƙungiya akwai wanda ake yi wa shiga. Wani ya zama kura, wani boka. Amma wanda ya fi ba mutane dariya shi ne yaro ɗan shekara biyar ko shida da aka mayar tsoho tukuf, ga gemu, ga doro, ga sanda. Yaro kamar wannan ba ya iya shirya kansa. Yayyensa ne suke shirya shi, kuma su za a tambaya in wani abu ya same shi.

Ba a sayen kayan tashe a kasuwa. Duk abin da ake bukata yana cikin gida ko bayan gari.

Da gemu ake farawa, don shi ya fi cin lokaci. Da auduga ake yin sa, wadda mutanen Adar suke ce wa kaɗa. An daɗe ana noman ta a fadamar Magiya, har aka kafa masana'antar gurzar auduga a Madawa. Cikin tafin hannu biyu ya isa. Sai a cire guryar, a yi ta jan audugar da yatsu har ta yi laushi ta tashi. Daga nan a yanko ƙyalle mai faɗin yatsa uku, wanda tsawonsa zai kai daga kunne zuwa kunne ta ƙarƙashin haɓa. A kan wannan ƙyalle ake liƙa audugar, ba a kan fatar yaro ba.

Abin liƙawar kuwa ƙaro ne. Itacen dakwara yana fid da shi da rani, ya daskare a jikin reshe. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka soma a shekarar 1984, ya dasa miliyoyin itatuwa a kan tuddai da faƙo, cikinsu har da masu fid da ƙaro. Ana jiƙa ɗan kaɗan a ruwa tun dare. Da safe ya narke ya yi kauri. A shafa a ƙyallen, a ɗora auduga, a danna, a shanya a inuwa. In ya bushe, a ɗaura zare a kowane gefe, a yi masa hanci da zai shiga kunne. Kada zaren ya zagaye wuya. In wani yaro ya fizgi gemun cikin wasa, gara ya fita daga kunne da ya shaƙe mai shi.

Wasu yara suna gaggawa, su liƙa audugar kai tsaye a haɓa. Ba a jimawa zufa ta narkar da ƙaron, gemu ya faɗi tun a gida na biyu. In kuwa ya bushe a fata, wajen cirewa akwai kuka.

Sai fuska. Ana so gira da gashin kai su yi fari kamar furfura. Farar ƙasa ce ta dace, ko allin da mata suke shafawa a yatsa wajen kaɗi. Toka ba ta dace ba, ko da yake ita ce ta fi kusa da hannu. In ta haɗu da ruwa ko zufa tana cin fata, kuma tana yi wa ido zafi ƙwarai. Da gawayi ake ja layi biyu ko uku a goshi, su zama tamoji. Akwai yaran da suke fasa tsohon batir su shafa baƙin da ke ciki. Wannan baƙin guba ne, ba gawayi ba ne. Ba a sa shi a jiki, balle kusa da baki.

Manyan yara sukan rufe fuska da fasasshiyar ƙwarya, su huda mata idanu. Wannan na manya ne. Ƙaramin yaro ba ya gani sosai ta ƙananan huduji da dare, shi ya sa ake barin fuskarsa a buɗe. Leda kuwa ba ta zuwa kusa da kansa ko kaɗan, don tana toshe numfashi.

Riga ba ta da wuya. Tsohuwar rigar baba ko ta kaka ta isa, a roƙa kafin a ɗauka. A naɗe ta a kafaɗa, a ɗaure ƙugu da ƙyalle, yadda bakinta ba zai wuce idon sawu ba. Wanda ya san hanyoyin Buza da Keita ya san duwatsun da ke cikinsu. Yaron da ya taka bakin rigarsa a kan dutse, tashensa ya ƙare a daren. Doro da tsumma ake yin sa, a dunƙule a goya masa a baya da zane kafin a sa rigar. A ka sai tsohuwar malfa ta kaba, irin kabar da ake saƙa tabarmin Madawa da ita. Karan dawa shi ne sanda. Ba shi da nauyi, in ya karye ma ba a yi hasara ba. In aka yanka siririn kara gutsi-gutsi aka zura a zare, an sami carbi.

Watan azumi ba ya tsayawa a lokaci ɗaya. Kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko goma sha ɗaya. A shekarar 2000 tashe ya faɗo cikin Disamba, ana ɗari, yara sun ji daɗin tsumma da babbar riga. A 2019 kuwa ya faɗo cikin Mayu, tsakiyar bazara. A irin wannan lokaci sai a rage doro, a riƙe wa yaro ruwan sha, a sa masa takalmi, saboda kunama tana fitowa da dare.

Babban abin tsoro shi ne wuta. Busasshiyar auduga tana kamawa nan take, ga ta kuma dab da baki da hanci. Saboda haka tsohon tashe ba ya riƙe fitilar kananzir, ba ya kuma raɓar murhun masu tuyar ƙosai. Yayansa ne yake tafiya kusa da shi da tocila. Ba a yi masa riga da buhun leda, don in ya ji wuta narkewa yake yi ya manne a jiki. In har tufa ta kama, kada yaro ya gudu, gudu yana ƙara hura wutar. A kwantar da shi, a mirgina shi a ƙasa, a lulluɓe wurin da zane mai kauri. Sannan a yi ta zuba wa ƙunar ruwa mai sanyi, a kai shi likita.

Ƙananan yara ba sa jure yawon dare. Bayan gida biyar ko shida, tsoho ya fara hamma, gemu ya karkace. Sai ɗaya daga cikin yayyensa ya mai da shi gida, a wanke masa fuska, a rataye gemun inda awaki ba za su kai ba. Ranar rabon abin da aka tara, ana fid da kasonsa daidai da na kowa.