Me ke hana mota mai injekta tashi?

Direbobin haya a hanyar Funtua zuwa Malumfashi sun san matsalar: a murɗa makulli, inji ya yi ta juyawa, amma mota ta ƙi tashi.

Tunda inji na juyawa, galibi batir ba shi da laifi. Ko dai mai ba ya isowa, ko fulogi ba ya ba da wuta.

Famfon mai, wanda ke cikin tanki, shi ake fara saurare. Da an kunna makulli, yakan yi gunji na kimanin daƙiƙa biyu. Idan shiru, a duba fis tukuna.

Fetur ne ke sanyaya famfon. Tun janye tallafi a watan Mayun 2023, direbobi da dama sun koma sayen 'yan litoci kaɗan, kuma yawo da tanki kusan wayam na saurin kashe shi, balle man bumburutu mai datti.

Idan mai na zuwa amma babu wuta, akan zargi na'urar da ke sanar da ƙwaƙwalwar mota juyawar inji. Wasu kanikawa kan yi gaggawar musanya injekta da kafireta, alhali gyaran bai kai nan ba.