Tsatsar Jiki da Masu Tallar Maganinta

Duk wanda ya taɓa ɓare goro ya ajiye ya san ba a jimawa launinsa yake sauyawa. Haka dankali in an fere shi, haka ƙarfen da aka bari a damina. Aikin iskar oksijin ne, kuma irinsa take yi a jikinmu, sai dai a hankali.

Ƙwayoyin halittar jiki suna ƙona abinci da oksijin don samun kuzari. A wajen wannan ƙuna ake samun wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da masana ke kira firi radikal. Kowannensu yana da ilektiron guda, wato ɗan mitsitsin lantarki, da ya rasa abokin zama, don haka sai ya fizge na maƙwabci, shi ma wanda aka yi wa ƙwace ya fizgi na gaba. Haka ɓarnar ke yaɗuwa, ta taɓa bangon ƙwayar halitta da furotin, har ma da sinadarin gado. Taba da shisha suna ƙara yawansu ƙwarai, haka hayaƙin icce a madafa marar taga, da man suyar da aka maimaita har ya yi baƙi. Tun 1956 wani masani a Amurka, Denham Harman, ya danganta wannan ɓarna da tsufa.

Jiki dai ba a bar shi hannu sake ba. Yana ƙera nasa makarai, yana kuma samun wasu daga abinci, irin su bitamin C da E da beta-karotin. Su ake kira antioksidan: suna ba mai ƙwace ilektiron ɗin da yake nema, rigima ta mutu. Kuma ba duk firi radikal ne abokin gaba ba, domin da su fararen ƙwayoyin jini suke hallaka ƙwayoyin cuta.

To, a nan masu talla suka samu kasuwa. A tasha, a cikin mota, a WhatsApp, sai ka ji ana yabon wata kwalba mai tsada, wai tana wanke jini, tana hana tsufa da kansa. Masana sun riga sun gwada irin waɗannan ƙwayoyin antioksidan. A Finlan an bi maza masu shan taba kimanin 29,000, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin sun fi sauran kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Wani gwaji makamancinsa a Amurka sai dakatar da shi aka yi a 1996. A 2011 kuma aka gano ƙwayar bitamin E ta ƙara wa maza haɗarin kansar furostet, wato gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsara. Ni dai ban ga dalilin da mutum zai ciri kuɗin cefane ya sayi wannan ba, sai fa in likita ne ya rubuta masa.

Abin da ake nema yana cikin kwandon cefanen: zogale, alayyahu, zoɓo, tumatir, gwaiba, lemo, mangwaro, karas, gyaɗa, wake. Amma a lura da girki. Bitamin C ba ya jure doguwar dahuwa, saboda haka kada a bar ganye a wuta har ya yi laushi tiɓis. Manja ma, in aka soya shi har jansa ya gushe, karotin ɗinsa ya tafi ke nan.