Dasa Zogala da Reshe a Cikin Gida

'Yar'uwa, ba sai kin ci bashi a asusun ƙungiya ba kafin ki mallaki zogala. Reshe ɗaya daga bishiyar maƙwabciya ya isa. Yanzu da zuwa gonar nesa ya zama abin fargaba a Kucheri da sauran ƙauyukan Tsafe, abin da ya tsiro a bayan ɗaki shi ne naki.

Ki jira damina ta zauna, wajen watan Yuni. Ki samu bishiya mai lafiya wadda ta wuce shekara, a saro miki reshe da ya yi ƙwari, kaurinsa kamar ƙotar fartanya, tsawonsa kamu 2. Ɗanyen tsiro kore ba ya kamawa, ruɓewa yake yi. Ki zage ganyen, ki jingine reshen a inuwa kwana 2 ko 3 har bakin saran ya bushe. Ki yi wa gindin alama tun lokacin sara, don an sha dasa reshe kai a ƙasa, a yi ta jira shiru.

Ki haƙa rami, ki gauraya ƙasar da takin dabbobi da ya ruɓe da ɗan toka saboda gara. Kashi ɗaya cikin 3 na reshen zai shiga ƙasa, sai ki danne da ƙafa.

Nan ne mata da yawa ke asara: ruwa. Zogala ba ta son kwanciyar ruwa ko kaɗan. Kada ki dasa a bakin makwarara ko inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. In ƙasa na da danshi, ki ƙyale ta. Cikin mako 2 zuwa 3 za ki ga toho. Sai ki kewaye da ƙaya ko kara, in ba haka ba akuya ta gama da shi kafin azahar.

Amma fa ki sani, reshe ba ya yin doguwar saiwa kamar ta iri. Iska mai ƙarfi na iya kayar da shi, kuma da rani zai nemi ban ruwa. Shi ya sa in ya kai ƙirjinki ki datse kan, ya yi rassa ta gefe inda hannu ke kaiwa.

Ganyen da ya rage bayan miya da kwaɗo, ki shanya a inuwa, rana na ƙone amfaninsa. Ki adana a mazubi mai murfi har rani, lokacin da ɗanye ke wuya, ki sayar ki samu kuɗin zubin mako.