Kwaɗon da Ke Cin Dafinsa a Abinci

A dazuzzukan yammacin Kolombiya, daura da tekun Pasifik, akwai wani ɗan kwaɗo rawaya wanda tsawonsa ya kai kamar santimita biyar. Mafarautan ƙabilar Embera kan goga tsinin ƙananan kibansu a gadon bayansa, sannan su hura su ta bututu. A 1978 masana uku, Charles Myers da John Daly da Borys Malkin, suka raɗa masa suna Phyllobates terribilis. Ana ƙiyasin dafin guda ɗaya ya isa ya kashe mutum goma.

Sai ga shi yau a falon mutane a Jamus da Amurka, cikin akwatin gilashi, yara na leƙensa.

Ba ganganci ba ne. Kwaɗin wannan dangi ba su ke haɗa dafinsu ba, cinsa suke yi. A daji abincinsu tururuwa ne da wasu mitsi-mitsin ƙwari masu guba, jikinsu ya tace gubar ya tara ta a fata. Wanda aka ƙyanƙyashe a gida kuwa bai san komai ba sai ƙudajen 'ya'yan itace da ake kiwo a kwalba, irin waɗanda ba sa tashi. Launin gargaɗin yana nan, amma fatar fanko ce. Abin da ya faru a Hawai ma ya ƙara tabbatar da haka: a 1932 aka kai wani nau'i kore da baƙi daga Panama zuwa tsibirin Oahu don ya rage sauro, kuma da aka bincika zuri'arsa daga baya, sai aka tarar haɗin dafinsu ya bambanta da na kakanninsu, domin cimar ta canza.

Wahalar kiwon tana wani wuri dabam. Dole akwatin ya zama ɗan guntun daji: tsirrai masu rai, busassun ganyaye a ƙasa, da feshin ruwa kullum don laimar iska ta kai kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Zafi kuma tsakanin digiri 22 da 27. Da ya haura 30, mutuwa ta kusa. (Mai sha'awa a Sakkwato ko Maraɗi sai ya fara tunanin watan Afrilu da ɗaukewar wuta.) Ƙudajen ma sai an barbaɗe su da garin kalsiyam da bitamin, in ba haka ba ƙashi ya lalace. Ba a ɗaukarsu a hannu, don fatarsu na tsotse duk abin da ya taɓa ta. In an kula da su, sukan haura shekara goma, a ga namiji ya goyo 'ya'yansa ya kai su ruwa.

A ganina, kwaɗon ne ke cikin haɗari, ba mai gidan ba. Tun 1987 yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji, ta sa cinikinsu tsakanin ƙasashe ƙarƙashin izini, amma masu fasa-ƙwauri ba su saduda ba. A Janairun 2024 aka kama wata mata a filin jirgin saman Bogota da kwaɗi 130 a cikin ƙananan gwangwanaye. Wasu nau'o'in ba su da mazauni sai ɗan yanki guda na daji, kwasa kaɗan ta isa ta ƙarar da su. Shi ya sa kamfanin Tesoros de Colombia ke ƙyanƙyashe su bisa doka yana sayarwa, don ya karya kasuwar na sata.

Mai saye ya nemi takardar da ke nuna haihuwar gida ne. Wanda aka kamo daga daji kan riƙe dafinsa shekaru bayan ya shiga gilashi.