Garkar lakol, gatan itacen Adar

Tun shekarar 1975, kowace ranar 3 ga Agusta, ranar 'yancin kai, 'yan Nijar suna dasa itatuwa. A zamanin Seyni Kunce samariya ce kan gaba a wannan gayya. Aikin Keita, wanda aka soma a 1984 da taimakon Italiya, ya nuna ko bisa fako itace kan kama in an tare masa ruwa da gandari.

Amma dashe na yini ɗaya ne, reno kuwa na shekara. Nan ƙungiyar manoma ta 'yan lakol ke da aiki. Daga Tawa har Tabalak, inda lakol ke da rijiya da garka, yara suna iya renon gawo, bagaruwa da bedi cikin leda tun bazara, su raba wa gari da damina.

Ga inda gizo ke saƙa: ranar dashe tana faɗowa cikin hutu, sai Oktoba a koma aji. Itacen da ba shi da shinge, rabon akuya ne.

To, iyaye da malamai, kafin a rufe lakol a ba kowane yaro itacensa. Ya kewaye shi da ƙaya, ya ba shi ruwa har rani ya wuce.