Tsohuwar Mota: A Gyara ko a Canja?

Duk mai tsohuwar mota yana da ranar da zai tsaya a gareji, makanike ya fito daga ƙarƙashinta yana goge hannu, ya ambaci kuɗin da ya haura albashin wata biyu ko uku. A irin wannan rana ce yawancin mutane ke cewa sun gaji, gara a sayar a huta. Kuma babu ranar da ta kai ta muni wajen yanke wannan shawara, domin ɓacin rai ne ke riƙe da alƙalamin lissafi. Abin da nake gani shi ne, ga mai ƙaramin ƙarfi a Najeriyar yau, gyaran motar da ya sani ya fi masa sauƙi a kan canja ta, muddin ƙashin jikinta lafiya yake kuma ana samun kayanta a kasuwa. Akwai inda wannan hukunci ba ya aiki, kuma dole a san wuraren kafin a zuba kuɗi.

Da farko sai a fahimci abin da canja mota ke nufi a yanzu. A shekarun da suka biyo bayan 1975, lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, ma'aikacin gwamnati kan karɓi bashin mota ya fito da 504 sabuwa fil. Wannan zamani ya wuce. Yau idan mai matsakaicin samu ya ce zai canja, ɗayan biyu yake nufi: ko Beljiyam da aka shekara goma ko fiye ana hawa a Amurka, Kanada ko Turai, ko kuma ta hannu wadda wani ya gaji da ita a nan gida. Ita Beljiyam da kuɗin waje ake sayenta, da su ake ɗauko ta a jirgin ruwa, kuma da farashin dala ake lissafa kuɗin kwastan. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, abin da ya ƙuntata hanyar Kwatano da dillalan Arewa suka saba bi. A tsakiyar 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, farashin motoci kuma ya bi ta. Wanda ya sayi Corolla a 2019, idan ya sayar da ita yau zai ga kuɗi masu kauri ya yi murna, amma da ya leƙa wurin dillalai zai tarar ba su isa su saya masa irinta ba, balle wadda ta fi ta.

Ana yawan maimaita wata ƙa'ida, wai idan kuɗin gyara ya kai rabin darajar mota to a rabu da ita. Ƙa'idar ta dace da ƙasashen da ake biyan makanike da awa, ladan aiki ya kan fi kuɗin kaya, kamfanin inshora kuma ya gwammace ya biya mai mota ya yi gwanjon tata. A nan lamarin ya sha bamban. Ladan aiki yana da sauƙi idan aka kwatanta da can, kuma daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna, Apo a Abuja da Ladipo a Legas, da wuya a rasa injin, giya ko ƙafar Toyota da Honda da Golf. Hujja mafi ƙarfi ma tana yawo a kan titunanmu: da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su, waɗanda inshora ta yanke wa hukuncin sun tashi aiki ne a Amurka, aka yi gwanjonsu, aka kawo su nan aka gyara, kuma ga su suna aiki. Ƙa'idar da ta jefar da su can ita ce ta ba mu su da araha, don haka babu dalilin da za mu ɗauko ta mu auna namu gyaran da ita. Darajar mota a kasuwa tana da amfani ga wanda zai sayar. Wanda zai ci gaba da hawa, tambayarsa ita ce nawa kowace hanya za ta ci masa a wata kafin ya isa wurin aiki ya kai yara makaranta.

Mu ɗauki misali da alƙaluman da aka ƙaddara don sauƙin lissafi. Mutum yana da motar da za ta yi naira miliyan 4 idan lafiyarta ƙalau. Injin ya buga, canja shi da gyaran ƙafa zai ci miliyan 1.2. Wadda yake hange kuma miliyan 9 ce. Idan ya gyara, motar ta ƙara masa shekara biyu ba tare da wata babbar matsala ba, gyaran ya tsaya masa naira 50,000 a wata. Idan kuma ya zaɓi canji, ba zai sami miliyan 4 a motar da injinta ya buga ba, domin mai saye zai cire kuɗin gyaran har da ƙari. Ko da an yi masa alfarma ya samu, sai ya cika miliyan 5, ya yi rajista da lamba, sannan ya yi abin da duk mai sayen Beljiyam ya sani: juyen mai, batir, tayoyi, da ƴan gyare-gyaren da dogon zama a tashar jirgin ruwa ke haifarwa. A ce waɗannan sun ci rabin miliyan. Miliyan 5.5 a shekara biyar ya haura naira 90,000 a wata. Gaskiya ne cewa bayan shekara biyar ɗin wadda aka saya tana da sauran daraja fiye da tsohuwar, kuma dole a sa wannan a ma'auni. Amma darajar da ke kwance a jikin mota ba ta biyan kuɗin haya ko na asibiti, kuma mai ƙaramin ƙarfi da tsabar kuɗin wannan watan yake rayuwa.

Duk wannan lissafi ya rataya ne a kan abu ɗaya, wato sanin ainihin ciwon motar. Cututtukan mota kashi biyu ne. Akwai na tsufa, waɗanda kowace mota ke yi komai kyanta: birki, kuloci, fulogi, batir, famfon mai, lagireto da kayan ƙafa. Waɗannan kuɗin hawa ne, sabuwar da za a saya ma za ta nemi nata. Injin da giya sun fi tsada, amma su ma ana cire su a sa wasu, kuma suna ba da alama kafin su mutu. A buɗe murfin da ake zuba baƙin mai a duba cikinsa. Idan aka ga wani kumfa mai kauri, kalar shayi da madara, ana zargin ruwa ya haɗu da mai, watau gaskit ya ƙone ko kan injin ya lanƙwashe saboda zafi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa na nuna injin yana shan baƙin mai, farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi kuma ruwa ne ke ƙonewa. Duk waɗannan suna da magani da farashi sananne. Kashi na biyu shi ne wanda ya taɓa ƙashin motar: shasi da ya lanƙwashe a haɗari har mota na tafiya a karkace tana cinye taya ta gefe guda, tsatsar da ta cinye inda ƙafa ke ɗaure da jiki, ko wayoyin da ruwa ya shiga har rewaya ya gyara nan can ya ɓalle. A nan ne kuɗi ke shiga ba ya fitowa, kuma a nan ne ya kamata a haƙura.

Masu goyon bayan canji sukan manta cewa ita ma wadda za a saya tana iya ɗauke da ciwo na kashi na biyu, sai dai an rufe shi da fenti. Motar da ambaliya ta shanye a Amurka tana isowa tana ƙyalli, sai an ɗaga kafet an ga busasshen laka a lungu, ko tsatsa a kan ƙusoshin da ke riƙe da kujera. Motocin jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara sukan ruɓe ta ƙasa. Ana mayar da agogon kilomita baya. Akwai wadda jakar iskarta ta fashe a haɗari, aka rufe gurbin ba a sa wata ba. Akwai kuma matsalar takardun kwastan na bogi, wadda kan sa a ƙwace mota a hanya bayan an biya kuɗinta. Kowace mota tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17 a gindin gilashin gaba, kuma da ita ake iya binciko tarihin wadda ta fito daga Amurka ta intanet, amma masu saye kaɗan ne ke yi. Mai tsohuwar mota ya san ranar da aka sa mata giya da wanda ya sa. Wannan sani dukiya ce da ba ta shiga cikin ciniki, kuma ranar da ya miƙa makulli ta tafi.

Hujja mafi nauyi ta masu goyon bayan canji ita ce ta man fetur. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafi, litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma haura 1,000 a 2024. Mai cewa tsohuwar mota na shan mai bai yi ƙarya ba, amma sai an tambaye shi tafiyar nawa ake yi da ita. A ce tsohuwar na shan lita 12 a kilomita 100, wadda za a saya kuma lita 9. Ma'aikacin da ke yin kilomita 1,000 a wata zai rage lita 30, wato naira 30,000 idan lita na 1,000. Kafin wannan ragi ya mayar masa da miliyan 5 sai ya yi kusan shekara 14. Direban haya da ke zuwa Kaduna daga Kano ya dawo kullum, kimanin kilomita 230 kowace tafiya, a kwana 25 zai rage lita 345, kuɗinsa su dawo cikin wata 15 ko kusa da haka. Don haka hujjar mai tana da ƙarfi ga wanda mota ce sana'arsa, ko mai babban injin silinda shida da ba ya buƙatarsa. Ga sauran mutane, sau da yawa yawan shan man ma ciwo ne mai magani: fulogi da ya mutu, matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, taya mara isasshiyar iska, ko na'urar auna hayaƙi da ta lalace.

Hujja ta biyu ita ce gyara ba ya ƙarewa, yau wannan gobe wancan. Wani lokaci haka ne, amma a duba ko laifin motar ne ko na gyaran gangar Auzinawa. Makaniken da ke canja kaya da ka har ya dace, wanda ya cire na'urar daidaita zafin injin ya jefar wai ƙasarmu da zafi, ya haɗa fanka kai tsaye, ya cika lagireto da ruwan rijiya, zai kashe Beljiyam ɗin da za a kawo masa gobe kamar yadda ya kashe ta yau. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da wurin da ake jona kwamfuta ta karanto inda matsala take, kuma kuɗin wannan gwaji bai kai na kaya ɗaya da aka canja a banza ba. Kafin babban gyara, a ji ta bakin makanike na biyu wanda ba shi zai yi aikin ba. A sayi kaya da kai ko tare da wanda aka amince da shi, a karɓi tsohon da aka cire, kuma idan injin ko giya ne a yi sharaɗin kwanakin gwaji a rubuce. Sannan a buɗe littafi a riƙa rubuta duk abin da aka kashe. Idan shekara ta zagayo, littafin ne zai nuna ko kuɗin gyara na hawa ne ko na sauka, domin ƙwaƙwalwa ranar da mota ta mutu a tsakiyar titi kawai take riƙewa.

Hujja ta uku ba a ja da ita, ita ce ta rai. Motocin baya-bayan nan sun fi tsofaffi kare mutum a haɗari, kuma daga samfurin 2012 Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci na'urar da ke taimaka wa direba idan mota ta nemi ƙwacewa a kwana. Wanda ke yawan doguwar tafiya da iyali yana da dalili mai kyau na canji idan da hali. Sai dai a tuna cewa abin da ke tsayar da mota birki ne da taya, kuma duka biyun ana sayensu. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu, kamar 2319, ma'ana an yi ta a mako na 23 na 2019. Masu ƙera motoci da dama na ba da shawarar a canja taya bayan shekara shida ko da zanenta bai cinye ba. Wanda ya kwashe duk abin da ya mallaka ya sayi mota mai kyan gani, ya rasa na sababbin tayoyi ya sa mata na gwanjo da suka tsufa, bai ƙara wa iyalinsa tsaro ba.

Saura batun bashi. A Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma a lokacin sama da haka suke ba da rance. Bankunan da ba sa harka da ruwa ma suna ɗora ribarsu a kan farashin abin da suka saya wa mutum. Cin bashi don gudun gyaran miliyan ɗaya na nufin ɗaukar nauyin da zai riƙa zuwa kowane wata, ko mota ta yi aiki ko tana gareji. Hanyar da ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya gyara idan shasi da wayoyi lafiya suke, ana samun kaya, kuma gyaran zai ba shi aƙalla shekara ɗaya zuwa biyu. Daga watan da motar ta fito daga gareji sai ya fara ware wani abu, ta adashi ko asusun da ba ya taɓawa, da sunan wadda za ta gaje ta. Idan lokacin rabuwa ya yi, zai sayar da mota mai tafiya da ƙafarta, wadda ke da farashi, ya shiga kasuwa da kuɗi a hannu da lokacin da zai duba mota biyar ya ƙi huɗu. Wanda ya jira sai ta mutu a hanya, dillali ne zai yanka masa farashin tsohuwar da na sabuwar duka.