Bayan shanyewar ɓarin jiki: Yadda ƙwaƙwalwa ke sake koya wa hannu aiki

Tambayar da iyalan mai shanyewar ɓarin jiki suka fi zuwa mana da ita a kantin magani ita ce: wane magani za a ba shi hannun ya dawo? Sau da yawa ƙafa ta fara takawa, magana ta fara fita, amma yatsu sun ƙi buɗewa. Kafin a kashe kuɗi, ya kamata a san inda matsalar take.

Hannun da ya shanye lafiyarsa ƙalau. Raunin yana cikin ƙwaƙwalwa. Idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a can, ƙwayoyin halittar wurin sukan mutu saboda rashin iskar da jini ke kai musu. Da yake hanyoyin saƙo suna ketarawa a ƙasan ƙwaƙwalwa, rauni a ɓangaren hagu yana shanye hannun dama. Yatsu sun fi jinkirin dawowa domin motsinsu ya dogara ƙwarai ga wata hanya da ke tafiya kai-tsaye daga saman ƙwaƙwalwa zuwa laka.

Ƙwayoyin da suka mutu ba sa farfaɗowa, amma na kewaye da su suna fitar da sababbin rassa, su ƙulla sabuwar alaƙa, su karɓi wani sashe na aikin. Wannan sauyi ya fi sauri a watanni uku na farko, sannan ya ci gaba a hankali.

Sai dai ba ya zuwa a banza. A 1996, masani Randolph Nudo na Amurka ya wallafa gwajin da ya yi a kan birai. Waɗanda aka bari ba horo bayan raunin, yankin da ke kula da hannu a ƙwaƙwalwarsu ya ƙara tsukewa. Waɗanda aka sa suna tsintar abinci da yatsun hannun da ya raunana, yankin bai tsuke ba.

Wani masanin, Edward Taub, ya nuna cewa mai jinya kan saba da barin hannun, tunda ɗaya hannun yana biya masa buƙata. Daga nan aka samo dabarar rufe lafiyayyen hannu da safa mai kauri don a tilasta wa raunannen aiki. A 2006 aka fitar da sakamakon gwajinta a kan mutum 222 a Amurka: mako biyu na horo, har awa shida a rana, ya inganta aikin hannunsu fiye da na waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba. A 2008 kuma hotunan MRI sun nuna ƙaruwar kauri a sassan ƙwaƙwalwa masu kula da motsi bayan irin wannan horo. Dabarar ta dace ne da wanda yatsunsa suka fara ɗan motsi, kuma likitan gashin ƙashi ne zai tsara ta.

Magani fa? An taɓa sa rai a kan fluoxetine, maganin ciwon damuwa. Amma babban gwajin da aka yi a Birtaniya da mutum sama da 3,000, wanda ya fito a 2018, ya nuna bai ƙara warkewa ba, sai ma karayar ƙashi da ta ƙaru. Har yau babu ƙwaya ko allurar da ta maye gurbin atisaye. Aikin magungunan da likita ya rubuta, na hawan jini, na suga, na rage kitse da na hana daskarewar jini, shi ne hana ciwon dawowa. Binciken SIREN da aka gudanar a Najeriya da Ghana ya gano hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi. Don haka kada a ajiye magani don an ga sauƙi.

A gida, tausayi kan yi ɓarna idan ya zama an ɗauke wa Baba ko Mama komai. A bar su su gwada riƙe kofi, jan carbi, ɓalle maɓalli, ɗaukar cokali, ko da a hankali ne, a maimaita sau da yawa kullum. Kada a ja raunannen hannu wajen tayar da su, kafaɗa na iya gocewa. A tallafe shi da matashi idan suna zaune. Tausa da man zafi na iya sanyaya jiki, amma ƙwaƙwalwa tana koyo ne daga motsin da mutum ya yi da kansa.

Idan kuma baki ya karkace, hannu ya saki ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a garzaya asibiti. Allurar narkar da gudan jini tana da wa'adin awa huɗu da rabi. Kada a ba shi asfirin kafin a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, domin idan jijiya ce ta fashe, zubar jinin zai ƙaru.

Ba kowa ne hannunsa ke komawa kamar da ba. Ya danganta da girman raunin da inda ya taɓa. Amma fara atisaye da wuri da ɗorewa a kai suna hannun iyali. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.